Argungu: abin gani da abin yi a birnin Kabawa na bakin gulbi

Argungu gari ne a jihar Kebbi, arewa maso yammacin Tarayyar Najeriya, a bakin gulbin da mutanen wurin ke kira Gulbin Kabi. Tsakaninsa da Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, tsakaninsa da Birnin Kebbi kuma kimanin 50. Nan ne fadar Sarkin Kabi, magajin daular da Muhammadu Kanta ya kafa shekaru 500 da suka wuce. Galibin mutanen Nijar da suka san sunan garin, ta bikin kamun kifi suka san shi, bikin da hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2016. To amma bikin kwana huɗu ne kacal, kuma ba kowace shekara ake yin sa ba. Garin kuwa yana nan rani da damina, da tsohuwar fadarsa, da kaburburan sarakunansa, da masuntansa, da fadamar shinkafar da ido ba ya ganin ƙarshenta.

Ga mutumin Damargu, ɗan Falanko ko Tanut ko Balbeji, wanda ruwan da ya saba da shi shi ne na rijiya mai zurfi da na tabkin da ke ƙafewa kafin bazara, akwai wata dangantaka da ba kowa ya lura da ita ba. Kwarin Tarka, wanda ya taso daga ƙasar Damargu ya ratsa yankunan Dakwaro da Buza da Madawa, can cikin Najeriya yake ƙarewa, a gulbin Rima. Gulbin Maraɗi ma haka yake: daga ƙasar Katsina yake shigowa, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Najeriya ya zuba a Rima. Rima kuwa ita ce ke haɗuwa da gulbin Sakkwato su gangaro Argungu tare, su wuce Birnin Kebbi, su faɗa cikin kogin Isa, wanda ya riga ya ratso Yamai da Gaya. Tarka dai ta daɗe da zama mataccen kwari, ruwa ba ya gudana a cikinta daga farko har ƙarshe, amma a kan taswira Damargu da Kabi gangare ɗaya suke bi.

Gulbin da fadamarsa

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne gulbin ba hanya ɗaya yake bi ba. A wannan yanki yana rarrabuwa ne rassa-rassa cikin fadama mai faɗin kilomitoci, ya bar tabkuna da gurabu masu zurfi da tsibirai. Ɗaya daga cikin rassan nan shi ne Matan Fada, inda ake babbar gasar kamun kifi. A watannin Agusta da Satumba ruwa kan cika fadamar, wani lokaci ya wuce iyaka. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi. Daga Nuwamba ruwa ke ja da baya, manoman rani su shiga da injinan ban-ruwa, masunta kuma su bi kifin da ya taru a gurabu.

Lokacin da ya fi daɗin zuwa bakin ruwa shi ne da sassafe, sa'ad da masunta ke fitowa da abin da suka kama cikin dare, mata masu sarin kifi na jiran su a gaɓa, ko kuma bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi balbelu na komawa makwanci. Ana iya yin ciniki da mai kwalekwale ya zaga da mutum na ɗan lokaci. A gama ciniki tun ana kan tudu, kuma kada a shiga jirgin da aka cika maƙil da mutane da buhuna. Wannan ba tsoratarwa ba ce: a watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a kogin Isa, kusa da Wara a kudancin wannan jiha, mutane da dama suka rasa rayukansu. Wanda bai iya ruwa ba, kuma yawancin mutanen tudu ba su iya ba, ya nemi rigar kariya in akwai, in babu ya tsaya inda ruwa bai da zurfi. Wanka a ruwan fadama ma ba abin sha'awa ba ne ga baƙo, saboda tsargiya.

Gulbin na yau ba shi ne na zamanin kakanni ba. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da ta Goronyo da aka gama a 1984 a kan Rima, sun sauya yadda ruwa ke saukowa fadamar Kabi. Yashi kuma na cike gurabun da manyan kifaye ke ɓuya. Duk wanda ya zauna hira da tsofaffin masunta zai ji wannan ƙorafi kafin shayi ya nuna.

Daga Kanta zuwa Sama'ila

Ba a fahimtar abin da ake gani a Argungu sai an san tarihin Kabi, kuma tarihi ne da rabinsa ya faru a ƙasar da ake kira Nijar yau.

Muhammadu Kanta jarumi ne da ya yi yaƙi tare da Askiya Muhammadu na Sanwai. Bayan sun dawo daga yaƙin Agadas, wajen 1515 zuwa 1516, rabon ganima ya haɗa su faɗa, Kanta ya ɓalle, kuma duk rundunar da Sanwai ta turo ta kasa mayar da shi. Littafin Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta a Tumbutu, ya kawo labarin wannan tawaye. Kanta ya gina babban birninsa a Surame, ya kafa daular da ta tsaya tsakanin manyan dauloli biyu na wancan zamani, Sanwai a yamma da Barno a gabas, ta kara da kowace. Ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16, a kan hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Barno, bayan kibiya ta same shi a ƙasar Katsina. Labaran baka sun ƙawata shi matuƙa. Ana cewa yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla wanda yake zagaya ƙasarsa da shi in ruwa ya cika, ana kuma cewa da Nufawa suka makara zuwa aikin ganuwar Surame, sai ya hukunta su da cewa da man kaɗanya za su kwaɓa ƙasar ginin, ba da ruwa ba.

Ƙasar Adar ta daɗe a hannun Kabi, har zuwa 1674 lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi ya karɓe ta. Zuriyarsa ce ke sarautar Adar a Illela ta jihar Tawa. A farkon ƙarni na 18 aka bar Surame aka koma Birnin Kebbi. Nan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iske su: a 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, Sarki Muhammadu Hodi ya fice ya ci gaba da yaƙi daga wasu garuruwa har aka kashe shi. Magajinsa Karari shi ne ya kafa sansani a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Ɗan Karari, Yakubu Nabame, ya yi shekaru a tsare a Sakkwato. A 1849 ya ɓalle ya dawo Argungu ya ɗaga tutar Kabi, kuma ba shi kaɗai ba: Arawa da Zabarmawa da Dandawa, wato mutanen yankunan Dogon Dutsi da Doso da Gaya na yanzu, sun mara masa baya. Daga nan har zuwan Turawa, Sakkwato da Gwandu ba su sake mallakar Argungu ba. An yi sulhu sau ɗaya, wanda ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarki Abdullahi Toga. Ya fara wajen 1867 ya watse a 1875.

Ko sunan garin ma da wannan zamani ake danganta shi. Ɗaya daga cikin bayanan da mutanen gari ke bayarwa shi ne daga "a yi gungu" ya samo asali, wato a taru wuri ɗaya.

Sarkin da Kabawa suka fi alfahari da shi bayan Kanta shi ne Sama'ila, wanda ake ce wa Sama, ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915. A zamaninsa Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo wa Argungu yaƙi a 1892, ya koma bai yi nasara ba. A zamaninsa ne kuma Turawan Faransa suka fara leƙowa. Monteil ya biyo ta Argungu a 1891 daga Sayi zuwa Sakkwato. Kyaftin Cazemajou ya sauka garin a farkon 1898 ya ƙulla yarjejeniya da sarki, sannan ya nausa gabas. Shi ne wanda aka kashe a Damagaram ranar 5 ga Mayun wannan shekara, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Yarjejeniyar tasa ba ta yi amfani ba. Ranar 14 ga Yunin 1898 Faransa da Ingila suka zauna a Paris suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Argungu ta faɗa ɓangaren Ingila. Da aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906, yawancin ƙasashen Arewa da Zabarma da Dandi, abokan yaƙin Kabi, suka zauna a hannun Faransa. Sama'ila ya karɓi Ingilishi ba tare da yaƙi ba, amma ya wayi gari da masarautar da aka yanke wa babban yanki. Shi ya sa har gobe ba a rasa iyalan da rabinsu ke Kangiwa ko Kamba, rabinsu ke Dogon Dutsi ko Gaya.

Masarautar ta yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Argungu, Augie, Arewa da Dandi. Tana cikin masarautu huɗu na jihar Kebbi, wadda aka cire daga jihar Sakkwato a 1991, tare da Gwandu da Yawuri da Zuru. Mai martaba Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera ne ke kan gadon tun 1996.

Gidan tarihi na Kanta

In baƙo yini ɗaya kawai gare shi, to nan ya kamata ya fara. Gidan yana tsakiyar tsohon gari, kusa da kasuwa. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, ginin ƙasa na ƙarni na 19 da ake dangantawa da Yakubu Nabame. Sarakuna sun zauna cikinta har 1942, lokacin da aka gina sabuwar fada, sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yulin 1958, tun Najeriya da Nijar ba su sami ƴancin kai ba.

An kasa gidan sashe goma sha ɗaya. Abin da ya fi yawa a ciki kayan yaƙi ne: masu, takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, layu, da tamburan da ake bugawa in sarki zai fita daga. Wanda ya taɓa shiga fadar Damagaram ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga abubuwan da ya sani, amma nan akwai bambanci ɗaya: kayan suna cikin gidan da aka yi amfani da su, a ɗakunan da aka shirya yaƙe-yaƙen. Kaurin katangu da sanyin sorayen da rana tsaka su kansu abin lura ne ga duk wanda ke zaton siminti ya fi ƙasa.

A cikin wannan gida ne kuma ake binne sarakunan Argungu. Saboda haka ba wurin kallo ba ne kawai, makwanci ne, kuma Kabawa na girmama shi. A shiga da sallama, a sassauta murya, a cire takalmi inda aka ce a cire, kada a ɗaga waya a hau ɗaukar hoto sai an tambaya. Masu kula da gidan su ne ke zagayawa da baƙi, kuma bayanin nasu da Hausa ne, abin da ke sauƙaƙa wa ɗan Nijar. Zai dai ji tarihin jihadi daga bakin waɗanda aka yaƙa, ba yadda aka saba jin sa a Sakkwato ba. Mai hankali zai saurari duka biyun.

Fadar sarki ta yanzu ba ta da nisa. Ranar Juma'a da ranakun salla ne aka fi ganin fadawa da dogarai da masu algaita a ƙofarta. Mai son gaida sarki ta hannun fadawa zai bi, kamar kowace fada a ƙasar Hausa.

Bikin kamun kifi

Tun kafin a san da wani biki, Kabawa na da al'adunsu na ruwa: gyaran ruwa, fashin ruwa, gyaran gari da shan kabewa. Fashin ruwa shi ne buɗe lokacin su, ranar da ake ba jama'a izinin shiga gurabun da aka hana taɓawa. Bikin da aka sani yau kuwa a 1934 ya samo asali. A shekarar ce Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Bayan gabar da ta haura shekara ɗari, Sarkin Musulmi ya shigo birnin Kabawa a matsayin baƙo. Aka rasa abin da za a nuna masa wanda babu irinsa a Sakkwato, tun da dawaki da hawa ba baƙonsa ba ne, sai aka nuna masa abin da Kabawa suka fi kowa iyawa, wato ruwa. Bikin sulhu ne tun asalinsa, kifin daga baya ya rinjayi labarin.

Sannu a hankali ya bunƙasa. A 1970 shugaban Najeriya Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, kuma tun daga wancan lokaci masunta da ƴan kokawa da makaɗan Nijar ba su daina zuwa ba. Ana yin sa ne tsakanin Fabrairu da Maris, bayan an kawar da amfanin gona, ruwa ya ja, zafin bazara bai kankama ba.

Kwanakin farko na baje kolin amfanin gona ne, da kokawa da dambe da kaɗe-kaɗe da hawan dawaki. Ɗan Nijar da ya saba da gasar takobin ƙasa ba zai ga baƙon abu a filin kokawa ba, sai dai damben ya fi na gida armashi. Ranar da bai kamata a rasa ba ita ce ta kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa: tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso don a ga wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, kamun agwagwar daji, da kamun kifi da hannu ba taru ba ƙugiya. Masu ɗaukar hoto sun fi ɗokin ranar ƙarshe, amma a kabanci ne ake ganin gwaninta ido da ido, don mutane ba su cika ruwan ba, ana iya bin kowane gwani da kallo.

Ranar ƙarshe ce ta Matan Fada. Wannan yanki na gulbi a rufe yake duk shekara, ba mai jefa taru, don kifi ya girma. Masunta dubbai kan yi sahu can nesa da gaɓa, kowa da homarsa, wato tarun hannu mai baki biyu kamar fikafikai, da ƙatuwar gora mai baki a sama. Gorar nan aiki biyu take yi: a kanta masunci ke kwanciya ya yi iyo, a cikinta yake zuba abin da ya kama. Da an harba bindiga sai su ƙwaso a guje su afka ruwa, ƙura ta tashi, makaɗa na bin su cikin jirage suna zuga su da kirari. An sha ganin haƙurinsu ya ƙare sun ruga tun ba a harba ba. Cikin sa'a guda ake gamawa, a jawo manyan kifaye zuwa ma'auni a gaban sarki da baƙinsa. Wanda ake nema shi ne giwan ruwa, kifin da gidajen abincin Yamai ke sayarwa da sunan kapiten. A 2005 wanda ya ci gasa nauyinsa kilo 75 ne, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. A 2020 an sami mai kilo 78, mai shi ya tashi da naira miliyan 10 da motoci biyu da kujerun Makka biyu. Inda kyauta ta kai haka ba a rasa mai wayo: a 2008 an ƙwace nasarar wanda aka ce ya zo na ɗaya, bayan da aka gano ba a ranar aka kama kifin a wurin ba.

Mutum biyu ne ke riƙe da ragamar ruwa: Sarkin Ruwa, mai kula da lafiyar gulbi, da Homa, shugaban masuntan Argungu. Ba a shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Mutanen gari na cewa shi ne ke sallamar kadoji su kauce har a gama, shi ne kuma ke kiran kifi daga sauran gurabu. Akwai malaman da ba su yarda da yanke-yanken da ake yi a bakin ruwa kafin biki ba, akwai kuma masu ganin gadon kakanni ne da ba ya hana salla. Baƙo ba shi ne zai raba wannan gardama ba. Abin da ba a musu a kai shi ne dokar hana su a Matan Fada, wadda waɗannan sarakunan ruwa ke tsarewa, ita ce ta sa har yanzu ake samun kifin da ya kai nauyin mutum.

Bikin ya sha tsayawa. A 2006 an hana shiga ruwa saboda ƙarancinsa. Bayan na 2009 kuma sai aka yi shekara goma ba a yi ba, saboda matsalar tsaro a arewacin Najeriya, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi, shugaba Muhammadu Buhari ya halarta. Don haka kada kowa ya kama hanya don kawai watan Fabrairu ya kama. Gwamnatin jihar Kebbi da masarauta ne ke sanar da ranaku, kuma gidajen rediyon Hausa na faɗa tun da sauran makonni.

Masauki a lokacin biki wahala ne. Akwai unguwar baƙi da aka gina musamman domin bikin kusa da Matan Fada, amma manyan baƙi da jami'an gwamnati kan cinye ɗakunan. Da yawa a Birnin Kebbi suke kwana su yi sammako. Mai ɗan'uwa ko aboki a gari ya fi kowa sa'a. Ranar gasa a je da wuri, a riƙe ruwan sha da hula, a kama hannun yara, a kuma adana waya da kuɗi a aljihun ciki.

In ba lokacin biki ba

Argungu ta sauran watanni gari ne mai natsuwa, kuma ta wani fannin ta fi daɗin ziyara: gidan tarihi ba cunkoso, masu jirage ba su tsawwala kuɗi, mutane na da lokacin hira. A kasuwa ana samun kifi ɗanye da banda, tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, ga taru da gora da sauran kayan su. Banda ita ce tsarabar da za ta jure tafiyar kwana biyu zuwa Damargu. Abincin gari tuwon shinkafa ne da miyar kifi, ga farfesun kifi da gasasshe da yamma a bakin hanya. Wanda ya saba da tuwon hatsi da fura ba zai rasa su ba.

Shinkafa ce dukiyar garin ta biyu, wataƙila ma ta farko a yau. A Birnin Kebbi ne gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na ba manoman shinkafa bashi a watan Nuwamban 2015, kuma a 2017 kamfanin WACOT ya buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a nan Argungu, wadda a lokacin take iya sarrafa tan 120,000 a shekara. Ga manomin da ke tunanin noman rani a kwarin Tarka ko a Jiratawa, yawo cikin fadamar Argungu tsakanin Janairu da Afrilu makaranta ce: yadda ake haƙa ƴan rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, yadda ake kasa fangali, da yadda tsadar man injin ke cinye ribar mai ƙaramin ƙarfi.

A kan hanyar Birnin Kebbi akwai Alwasa, inda aka gwabza a 1805 tsakanin mutanen Shehu da haɗin gwiwar Gobirawa da Abzinawa da Kabawa, masu jihadi suka yi babbar asara. A Birnin Kebbi Sarkin Gwandu yake zaune, amma hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo yana garin Gwandu. Kufan Surame kuwa, da ragowar ganuwarsa ta duwatsu, yana cikin jihar Sakkwato ta yanzu. Najeriya ta ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1964, kuma yana cikin jerin wuraren da ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Wuri ne da ya cancanci gani, sai dai yana cikin daji, a yankin da tsaro ya taɓarɓare.

Hanya, takardu da tsaro

Daga Damargu tafiyar kwana biyu ce ga wanda ba ya gaggawa. A sauko Damagaram, a hau motar da ke bin babbar hanyar Yamai ta Tasawa da Maraɗi da Madawa, a sauka Birnin Ƙonni. Daga Ƙonni a tsallaka Illela ta Najeriya, a shiga motar Sakkwato, tafiyar kilomita kusan 90, sannan a nemi tashar motocin Argungu. Wanda ya sami sarari a Sakkwato ya ziyarci Hubbaren Shehu kafin ya wuce. Mutanen Yamai da Doso kuwa ta Gaya da Kamba suka fi bi. Agogon ƙasashen biyu ɗaya ne. Canjin CFA zuwa naira ana yin sa a Ƙonni ko Illela, kuma da yake farashin na motsi kullum, a tambayi mutum biyu ko uku kafin a miƙa kuɗi. A cikin gari kabu-kabu da adaidaita ne abin hawa.

Batun iyaka ya sauya a ƴan shekarun nan. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka sake buɗewa a watan Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da amincewa da takardun tafiyar ƴan ƙasashen uku har sai ta sanar da wani abu daban. Matafiyi ya riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara, ya kuma bi ta ƙofar hukuma. Hanyoyin bayan gari da masu babura ke tallatawa ba nasa ba ne.

Maganar tsaro kuma ba a ɓoye ta. Ƴan bindigar da ake kira Lakurawa na yawo a dazuzzukan kan iyaka, tsakanin arewacin Kebbi da yammacin Sakkwato da yankunan Nijar da ke maƙwabtaka da su. A watan Nuwamban 2024 sun kai hari garin Mera, a ƙaramar hukumar Augie cikin wannan masarauta, suka kashe mutum 15. Cikin garin Argungu da babbar hanyar kwalta ana harkoki kamar kullum, lokacin biki kuma ana jibge jami'an tsaro, amma ƙauyukan arewa da yamma da gari, da hanyar Surame, ba wuraren yawon baƙo ba ne sai da shawarar hukuma ko ta fada. A yi tafiya da rana, a shiga motar tasha ba ta bakin hanya ba, a lissafa yadda za a isa masauki kafin magariba. Direbobin tashar Ƙonni da ta Sakkwato su ne suka fi kowa sanin halin da hanya ta kwana, kuma matambayi ba ya ɓata.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi sauƙi, ga sanyin hunturu, ga ruwa bai gama janyewa ba. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, da damina kuma sauron fadama ba irin na Damargu ba ne, sai da gidan sauro.